Tantin da Ke Zuwa Sau Ɗaya a Shekara: Tarihin Shatokwa a Ƙananan Garuruwan Amurka

Makon nan tarihi za mu taɓa, kuma na wata ƙasa mai nisa. Ina so mu leƙa Amurka ta shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, can cikin garuruwan manoma na jihohin Iowa da Nebraska da Kansas, inda za ka tarar da gari mai mutum dubu ɗaya ko biyu, babban titi guda, banki guda, coci uku ko huɗu, sai tashar jirgin ƙasa. Rediyo bai zo ba tukuna. Mai son kiɗa ko dai ya kaɗa da kansa, ko ya je coci, ko ya murɗa garmaho idan Allah ya hore masa. Littattafai ba su da yawa. Jaridar garin mako-mako take fita, rabinta kuma labarin wanda ya yi baƙo ne da wanda ya sayar da saniya.

Sau ɗaya a shekara, a lokacin zafinsu, wato tsakanin Yuni da Agusta sa'ad da mu muke tsakiyar damina, sai jirgin ƙasa ya sauke wani ƙaton tanti mai launin ƙasa-ƙasa. Samari su kafa shi a filin makaranta ko a bayan gari, su jera kujeru, su ɗora fiyano a kan dandamali. Daga nan kwana biyar ko bakwai garin ba ya zama daidai. Da safe yara ne, da rana kiɗa da lacca, da dare babban baƙo ko wasan kwaikwayo. Manoma su ɗaura wa dawaki keke su shigo da iyalansu, masu shaguna su rufe da wuri. Sunan wannan abu a rubuce Chautauqua, a baki kuma Shatokwa, haka zan riƙa rubuta shi don sauƙin karatu.

Shatokwa asalinsa sunan wani tafki ne a yammacin jihar New York. A bakin wannan tafki, a wani wuri da ake kira Fair Point, mutum biyu suka buɗe taro ranar 4 ga Agusta, 1874. Ɗaya shi ne Lewis Miller, attajiri daga garin Akron na jihar Ohio, wanda ya yi arziki da ƙera injin yankan ciyawa da girbi. Ɗayan kuma John Heyl Vincent, limamin coci na ɗariƙar Methodist. Abin da ya dame su ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ya haifa. Malaman da ke koyar da yara addini a makarantun Lahadi 'yan sa-kai ne, mafi yawansu ba su da horo, don haka aka ce a tara su mako biyu a lokacin hutu a koya musu yadda ake koyarwa. Filin da suka samu da ma wurin taron wa'azi ne irin na kuka da kururuwa, kuma Vincent ba ya son wannan salo ko kaɗan. Shi karatu yake so, da allo da jarrabawa. Har taswirar ƙasar Falasɗinu suka gina a ƙasa a bakin ruwan, da tuddanta da kwarurukanta da Kogin Urdun, tafkin kansa ya tsaya a matsayin Bahar Rum, don malami ya taka da ƙafarsa ya ga inda Ƙudus take da inda Yariko take. Taswirar tana nan har gobe.

Miller ne ya nace a yi abin a waje, a cikin itatuwa, a haɗa shi da hutu. Mutanen nan masu tsananin riƙon addini ne, suna ganin zaman banza a matsayin zunubi, amma idan aka ce hutun na neman ilimi ne sai zuciya ta kwanta. Dabarar ke nan da ta ɗauki abin gaba ɗayansa. A shekara ta biyu, 1875, shugaban ƙasa Ulysses Grant ya kawo ziyara, domin ya taɓa zama ɗan cocin Vincent a garin Galena na jihar Illinois, sai jaridu suka ɗauki sunan wurin suka baza. Cikin 'yan shekaru aka ƙara darussan harsuna da kimiyya da kiɗa da zane. 'Yar Miller, Mina, ita Thomas Edison ya aura a 1886, saboda haka shi ma surukin gidan ne.

Abin da ya fi shafarmu mu marubuta ya zo a 1878. A shekarar ne Vincent ya kafa da'irar karatu ta Shatokwa, tsarin karatu na shekara huɗu ga wanda bai samu zuwa jami'a ba. Ana zaɓar littattafai a kan tarihi da adabi da kimiyya, mutum ya karanta a gidansa kimanin minti 40 kullum, ya haɗu da 'yan garinsu su tattauna, ya amsa tambayoyi a rubuce ya aika ta gidan waya. Littafin farko da aka sa musu na tarihin mutanen Ingila ne wanda J. R. Green ya rubuta. Fiye da mutum 8,400 suka yi rajista a shekarar farko, 1,718 daga cikinsu suka kai ƙarshe suka karɓi takardar shaida a 1882. Ku dubi wannan lissafi da kyau: kusan ɗaya cikin biyar. Duk wanda ya taɓa buɗe zauren karatu ya ga yadda mutane ke zubewa bayan mako na uku zai san wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Mafi yawan masu karatun mata ne, matan aure da malaman firamare a garuruwan da ba su da ko ɗakin karatu, kuma a wurare da dama waɗannan da'irori ne suka zama tushen ƙungiyoyin mata da suka matsa aka gina ɗakin karatu na gari.

Da'irar tana da mujallarta mai suna The Chautauquan, wadda Theodore Flood ya fara fitarwa a 1880 a garin Meadville na jihar Pennsylvania. A 1883 ya ɗauki wata matashiya da ta gwada aikin koyarwa ta gaji, Ida Tarbell. Aikin da aka ba ta ba mai daɗin ji ba ne. Masu karatun nan da yawansu ba su da ƙamus, ba su da inda za su duba sunan wani sarki ko wani gari da suka ci karo da shi a littafi, sai aka ce ta riƙa rubuta musu ƙananan bayanai: wannan kalma ga ma'anarta, ga yadda ake furta ta, wannan mutum ga shekarar da ya rayu. Idan ta yi kuskure dubban mutane za su haddace kuskuren, babu mai gyara musu. A wannan tebur ta koyi bin diddigin magana har tushe, ta koyi gyaran shafi da hulɗa da maɗaba'a. Ta yi kusan shekara takwas kafin ta tafi Faris a 1891. Ita ce daga baya ta rubuta tarihin kamfanin mai na Standard Oil a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904, ta tono yadda John D. Rockefeller ya murƙushe ƙananan 'yan kasuwa, aikin da ya taimaka wajen tunzura jama'a har Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a raba kamfanin a 1911. Ina kawo wannan ne saboda masu raina ƙaramin aiki a cikinmu, masu ganin gyara rubutun wani ko rubuta bayanin kalmomi bai kai matsayinsu ba.

Ba a daɗe ba sauran garuruwa suka fara kwaikwayo. Kowa ya nemi bakin tafki ko kurmi, ya gina rumfar taro, ya sa wa abinsa suna Shatokwa, ko da yake babu wata alaƙar mulki da uwar da ke New York. Akwai na Lakeside a Ohio, na Monteagle a Tennessee tun 1882, har da na DeFuniak Springs a Florida wanda shi a lokacin sanyi ake yin sa. Na garin Boulder a jihar Colorado ya buɗe ranar 4 ga Yuli, 1898. Malaman makaranta ne daga Texas suke neman wuri mai sanyi da za su yi karatun hutu, mutanen Boulder suka amince garin ya sayi fili a gindin duwatsu, aka gina babban zauren katako cikin ƙasa da wata biyu. Ku riƙe wannan batu na mallakar fili, za mu dawo kansa.

Matsalar waɗannan masu zaman kansu ita ce tsada. Kowane gari shi zai nemi mai lacca da makaɗa, ya biya musu kuɗin jirgi daga nesa, wani lokaci baƙon ya zo gari ɗaya ya koma. A nan ne wani ɗan kasuwa mutumin Iowa, Keith Vawter, ya shigo. Yana aiki da kamfanin Redpath, wanda tun 1868 sana'arsa ita ce haɗa masu lacca da garuruwa a lokacin sanyi, har Mark Twain ya taɓa bi ta hannunsu. Vawter ya ce maimakon gari ya nemi shiri, a ɗauki shirin a kai wa gari. Ya gwada a 1904 ya yi asara. Ya gyara ya dawo a 1907, abin ya kama.

Tsarin nasa abin a tsaya a duba ne. A ce shirin kwana bakwai ne. Masu wasan ranar farko, su ranar farko kawai suka sani: yau su buɗe a wannan gari, gobe su buɗe a na gaba, jibi a na gaba da shi, haka har ƙarshen kakar. Masu rana ta biyu suna biye da su da tazarar kwana ɗaya, haka har na bakwai. Ke nan a kowace rana akwai gari bakwai da ake wasa a cikinsu lokaci guda, kowanne da tantinsa, ga kuma tanti ɗaya ko biyu a kan hanya. Idan aka rufe a gari, a daren za a kwance tantin a loda a jirgi, ya tsallake sauran ya je gaba inda za a buɗe sabo. Masu kafa tantin yawanci ɗaliban jami'a ne da ke neman kuɗin makaranta a lokacin hutu. Su kuwa masu wasa, rayuwarsu ke nan wata uku: wasa ɗaya, magana ɗaya, kowace rana sabon gari, barci a benci na tasha ko a ƙaramin masauki, zafi a cikin tanti kamar tanda, ga iska da ruwa da kan taso su nemi ɗage rumfar da mutane a ciki.

To wa ke biya? Nan ne gizo ke saƙar. Kafin kamfani ya sa gari a jerinsa, sai wasu mutanen garin sun sa hannu a yarjejeniya cewa za su sayar da tikitin mako adadi kaza. Mai banki, likita, mai kantin magani, limamin coci, shugaban makaranta, su ne masu tsayawa. Idan tikiti bai ƙare ba, su za su cike giɓin daga aljihunsu. Idan kuma an samu cinkoso, kuɗin da aka karɓa a ƙofa mafi yawansa na kamfani ne. Wato asara ta gari, riba ta baƙo. Duk da haka shekara da shekaru suna sa hannu, saboda garin da tanti bai sauka ba ana yi masa kallon garin da ya mutu, kuma maƙwabta suna kallo. Kafin a rufe, wakilin kamfani zai hau dandamali a gaban jama'a, lokacin da kiɗa bai gama fita daga kunnensu ba, ya tambaya ko suna son a dawo baɗi. Wa zai ce a'a a gaban matarsa da 'ya'yansa? A nan ake karɓar sa hannun shekara mai zuwa. Wanda duk zai rubuta tarihin wani biki ko taron al'ada, a ko'ina yake, ina ba shi shawara ya fara neman wannan takarda, ya ga wa ya ɗauki nauyin asara. Jerin waƙoƙin da aka rera yana da sauƙin samu, amma ba shi ke bayyana dalilin da ya sa abu ya rayu ko ya mutu ba.

Abin da ake gani a dandamali kuwa gauraye ne. Akwai 'yan badujala irin ƙungiyar Bohumir Kryl, akwai masu goge da fiyano, akwai mawaƙan opera da suka saba da manyan zaurukan birni, irin su Alice Nielsen. Akwai ƙungiyoyin baƙar fata masu rera waƙoƙin ibada da kakanninsu suka ƙirƙira a zamanin bauta, akwai makaɗan Hawaii, akwai masu kiɗa da ƙararrawa, akwai 'yan rufa-ido. Edgar Bergen, wanda daga baya ya shahara a rediyo da 'yar tsanarsa mai magana, a irin wannan tanti ya goge tun yana saurayi. Te Ata, 'yar ƙabilar Chickasaw, ta zagaya tana ba da tatsuniyoyin mutanenta na asalin ƙasar. Yara ma ba a bar su ba. Kowane tanti yana da wata budurwa da aikinta shi ne ta tara su da safe, ta ba su labari, ta koya musu wasa, su zaɓi magajin garinsu na yara, ranar ƙarshe su hau dandamali su nuna abin da suka koya. Wannan ma da biyu aka yi shi, domin iyayen da ɗansu zai fito a wasa ba sa fashin ranar ƙarshe.

Amma ƙashin bayan shirin lacca ce. Sarkin masu lacca shi ne William Jennings Bryan, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa sau uku, 1896 da 1900 da 1908, bai ci ko ɗaya ba, amma muryarsa tana kai wa ƙarshen tanti ba tare da lasifika ba. Ko da ya zama ministan harkokin waje a 1913 bai daina zagayen ba, jaridu suka yi masa ca, ya ce albashinsa na dala 12,000 a shekara ba ya isar sa. Sai Russell Conwell, limamin coci daga Philadelphia wanda ya kafa Jami'ar Temple. Lacca ɗaya ya riƙe, ya maimaita ta fiye da sau 6,000. Tana farawa da labarin da ya ce wani Balarabe ɗan jagora ya ba shi a tafiyarsa ta kogin Dijla da Furat: wani manomi Ali Hafed ya sayar da gonarsa ya tafi neman lu'ulu'u a duniya, ya mutu a tsiyace, wanda ya sayi gonar kuma ya tsinci lu'ulu'un a cikin rafin gonar. Daga nan sai Conwell ya juya ya gaya wa mutanen gari cewa arzikinsu yana nan ƙarƙashin ƙafarsu, kuma neman kuɗi wajibi ne a kan mutumin kirki. Kuɗin da ya samu da wannan lacca ya biya wa ɗalibai da yawa makaranta, wannan gaskiya ne. Sai dai ka lura da daɗin da saƙon yake yi wa mai banki da ke zaune a layin gaba, wanda shi ne ya sa hannu a yarjejeniya.

Yadda wasan kwaikwayo ya shiga tantin darasi ne a kan haƙuri. Mabiya waɗannan coci suna ganin gidan wasa a matsayin matattarar shaiɗan, 'yar wasa kuma ba matar aure ba ce a idonsu. Don haka da farko ba a kawo wasa. Ana kawo "mai karatu", mace ɗaya cikin shiga ta kamala, ta tsaya ita kaɗai ta karanta wasan gaba ɗaya, tana sauya murya daga wannan zuwa wancan. Babu labule, babu kwalliya, saboda haka ba wasa ba ne. Wata mai suna Gay MacLaren ta yi suna da haddace wasanni sukutum tana yin haka. Da kunne ya saba, a 1913 aka kawo ƙungiyar Ben Greet ta yi wasannin Shakespeare, shi kuma ai marubuci ne da ake karantawa a makaranta, wa zai ce haram? Kafin shekarun 1920 su yi nisa, wasannin barkwanci na New York sun zama abin da ya fi cika tanti. Cikin shekara goma sha wani abu aka ratsa katangar da aka ɗauka ba ta ratsuwa, kuma ba a taɓa yin gardama da limaman a fili ba.

Akwai waɗanda inuwar tantin ba ta rufe ba. Masu sauraro galibi fararen fata ne 'yan Furotesta. Baƙar fata yana iya hawa dandamali ya yi waƙa, Booker T. Washington ma ya yi jawabi a irin waɗannan taruka, amma samun masauki a garin da ya gama tafa masa wani abu ne daban. Saboda haka wasu suka kafa nasu. Katolika suka buɗe makarantarsu ta hutun zafi a 1892, Yahudawa suka kafa ƙungiyarsu ta Shatokwa a 1893. A garin Durham na North Carolina, James Shepard ya buɗe wata makarantar horon addini ta baƙar fata a 1910 da kalmar Shatokwa a cikin sunanta, ita ce yau Jami'ar North Carolina Central.

Marubuta biyu sun soki Shatokwa, kuma yadda kowannensu ya yi sukar ya cancanci nazari. Masanin falsafa William James ya je uwar ta New York a 1896. Ya ce kwana ɗaya ya yi niyya, ya ƙare da mako guda, saboda komai yana nan: tsabta, lafiya, kiɗa, karatu, babu maye, babu sata, babu talauci. Amma da ya fito sai ya ji wata irin ajiyar zuciya ta samun sauƙi, har ya tsinci kansa yana marmarin wani abu mai haɗari. Ya zauna ya tambayi kansa dalili, ya gano cewa abin da ya rasa a wurin shi ne gwagwarmaya, ɗan Adam a bakin halaka yana ƙoƙarin tsira. Bai tsaya nan ba. A cikin jirgi yana dosar birnin Buffalo sai ya hango wani lebura a can ƙololuwar ginin ƙarfe yana aiki, ya ga ashe jarumtar da yake nema tana kewaye da shi, shi ne bai iya gani ba. Wato sukar da ya fara da wasu ta dawo kansa. Sinclair Lewis kuwa, a littafinsa Main Street na 1920, ya kawo tantin garin da ya ƙirƙira, Gopher Prairie, ya sa jarumarsa Carol ta je da ɗoki ta dawo da takaici, domin ba ta samu komai ba sai tsofaffin barkwanci da nasihohin da kowa ya sani, garin kuma ya tashi yana jin ya yi ilimi. Lewis ya iya ba'a, shi ne Ba'amurke na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1930, kuma akwai gaskiya a abin da ya faɗa. Amma ni na fi komawa ga James. Lewis ya kalli mutanen daga sama. Bai tsaya a kan matar manomin da ta yi wata goma sha ɗaya ba ta ji an kaɗa goge ba, wadda ta tara kuɗin ƙwai ta sayi tikiti.

Abin ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1920. Lissafin da aka fi kawowa shi ne garuruwa sama da 10,000 da masu kallo miliyan 40 ko fiye a shekara, ko da yake wannan adadi na shiga ƙofa ne, mutum ɗaya yana iya shiga sau goma a mako. Ya tsallaka Kanada tun 1917, ya kai har Ostareliya da New Zealand. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta yi amfani da tantunan wajen tallar yaƙi, shugaba Woodrow Wilson ya yaba musu a matsayin wani ɓangare na tsaron ƙasa. Bayan 1924, shekarar cika hamsin, sai gangara, kuma da sauri.

Dalilan da aka saba lissafawa gaskiya ne. Rediyo ya fara a 1920, kafin ƙarshen shekarun ya shiga gidaje, ga kiɗa da jawabi kyauta kowane dare. Mota ta yi arha, an gyara hanyoyi, manomi yana iya kai iyalinsa birni. Fim mai magana ya zo a 1927. Ƙidayar 1920 ita ce ta farko da ta nuna mazauna birane sun fi na karkara yawa. Farashin amfanin gona ya faɗi tun farkon shekarun, kafin babbar karayar tattalin arziki ta 1929 ta gama da sauran. Amma akwai ciwo na cikin gida. Kamfanoni sun yi yawa, suna rige-rigen garuruwa, har wanda bai kai ya ɗauki nauyi ba. Don a cika tanti sai aka rage lacca aka ƙara nishaɗi. Su kuwa masu tsayawa, da ma don ilimi da tarbiyya suke yarda su yi asara. Da suka ga abin ya koma rufa-ido da barkwanci, sai likita da limami suka ce ba za su biya wa kamfani kuɗin wasan da silima ke nunawa da arha ba. Da sa hannu ya tsaya, jirgi ya daina tsayawa. Zuwa farkon shekarun 1930 manyan zagayen sun watse, na Kanada ya ja zuwa 1935.

A garuruwan da tanti kawai suka sani, babu abin da ya rage sai filin ciyawa, wani wurin kuma titi ko unguwa mai suna Shatokwa da yaran yanzu ba su san dalilinsa ba. Shekara ashirin suna karɓar baƙi, amma shirin ba nasu ba ne, tantin ba nasu ba ne, ko zaɓen wanda zai yi magana ba a hannunsu yake ba. Waɗanda suka rayu su ne masu fili da gini da kwamiti nasu. Na Boulder yana nan, ana kiɗa a wannan zauren katako na 1898 duk lokacin zafi. Na Lakeside da na Monteagle suna nan.

Uwar ma ta kusa tafiya. Ta yi ƙarfi a harkar kiɗa, a wata 'yar bukkar gwaji da ke harabarta George Gershwin ya yi aikin wani babban kiɗansa na fiyano a 1925, a 1929 kuma ta kafa ƙungiyar makaɗanta da ta opera. Sai bashi ya danne ta, a 1933 aka miƙa ta hannun masu kula da kadarar wanda ya kasa biya. Masu gidaje a harabar da masu zuwa duk shekara suka yi karo-karo, zuwa 1936 suka fanshe ta. A watan Agustan shekarar ne shugaba Franklin Roosevelt ya zo ya yi jawabinsa da ya shahara a kan ƙin yaƙi. Yau tana buɗewa mako tara, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ta yi bikin cika shekara 150 a 2024. Kuɗin shiga da na masauki sun yi tsadar da malamin makarantar Lahadi na 1874 zai sha wuya kafin ya biya, sai dai ranar Lahadi ana shiga kyauta.

Takardun kamfanin Redpath suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Iowa: wasiƙu, lissafin kuɗi, da dubban takardun talla masu ɗauke da hotunan mawaƙa da masu lacca, kowannensu an rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa babu kamarsa. An sa da yawa daga cikinsu a intanet, mai son gani zai iya dubawa. Da'irar karatun da Vincent ya kafa a 1878 kuwa ba ta taɓa tsayawa ba. Duk shekara ana ƙara sababbin littattafai a jerinta, ana gayyatar marubutansu su zo su yi magana, kuma duk watan Agusta waɗanda suka kammala karatunsu suna sa fararen kaya su yi jerin gwano su ratsa wata ƙofa da ake kira Ƙofar Zinariya, kamar yadda 'yan ajin farko suka buɗe hanya a 1882.